Kafin Ka Zauna Gaban Kwamiti: Shirin Kare Ƙudurin Binciken Digirin Digirgir

Ranar da na kare ƙudurin bincikena, wato takardar da ke bayyana abin da zan bincika da yadda zan yi shi, na shiga ɗakin taron sashe da shafukan majigi 42 da sabuwar shadda da ta sha bugu. Ban kai shafi na 7 ba sai wani dattijon farfesa da ke zaune kusa da taga, wanda na ɗauka gyangyaɗi yake yi, ya cire tabarau ya ce, "Malam, duk mun ji. To mene ne ba a sani ba, wanda kai za ka sanar da mu?" Na maimaita masa taken aikin. Ya ce take ya karanta shi tun a bangon takarda. Na karanto masa manufofi. Ya mayar da tabaransa bai ƙara cewa uffan ba. Aka ba ni wata 3 in je in dawo.

Daga baya, da na fara zama a ɗaya ɓangaren teburin, na gane abin da ya faru. Na zo ne in nuna na yi karatu, su kuwa sun zo ne a yi ciniki: ga abin da za ka yi, ga iyakarsa, ga yadda za ka yi shi, in ka cika wannan mun yarda ka cancanci digiri. Wannan zama yarjejeniya ce, kuma duk shirin da zan bayyana a ƙasa manufarsa ɗaya ce, ka fito daga ɗakin da yarjejeniyar da za ka iya cikawa, a rubuce. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana, amma da ke ma nake.

Fara da sanin dokar gidan

Kowace jami'a da nata tsarin, wani lokaci ma kowane sashe. A yawancin jami'o'inmu, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ɗalibi yana da malamai masu duba aikinsa, babba da mataimaka, sannan ya gabatar da ƙudurin a gaban malaman sashe da sauran ɗalibai, kafin a tura taken da aka amince da shi zuwa tsangaya da makarantar karatun gaba da digirin farko. A Amurka kwamiti ne na mutum 3 zuwa 5, galibi da ɗaya daga wajen sashe, kuma sai ɗalibi ya gama kwasa-kwasai ya ci jarrabawar cancanta kafin ya zo nan. A Ingila akan yi irin wannan tantancewa wajen ƙarshen shekarar farko, don a tabbatar aikin ya kai na digirgir. Waɗanda asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya tura Maleshiya su ma sun san wannan zama.

Ka nemi littafin ƙa'idojin makarantar ka karanta da kanka, kada ka dogara da "an ce". Yawan shafuka nawa ake so? Babi 3 cikakku ne ko gajeriyar takarda? Kwafi nawa, kuma kwana nawa kafin ranar za a miƙa? Wane salon rubuta manazarta sashen yake bi? In APA ne, bugu na 7 da ya fito a 2019 ake nufi ko har yanzu na 6 suke riƙe da shi? Sannan ka yi abin da ya fi duk wannan amfani: ka je ka zauna a bayan ɗaki ranar da wasu ke kare nasu, sau 2 ko 3, da littafi da biro. Malamai ba sa canza hali. Wanda ya tambayi ɗalibin jiya yadda ya zaɓo mutanen da zai yi wa tambayoyi, kai ma shi zai tambaye ka.

Rage gonar

Cutar da ta fi kama sabon ɗalibi ita ce haɗama. Zai zo da take kamar "Tasirin Sauyin Yanayi a Kan Noma a Arewacin Nijeriya". Jihohi 19, amfanin gona iri-iri, damina da rani, duk mutum ɗaya da albashin malamin kwaleji. Kwamiti na ganin irin wannan take ya san ba a fara tunani ba tukuna.

Bari mu ɗauki wannan misalin mu sassaƙe shi, zan riƙa komawa gare shi har ƙarshe. Maimakon Arewa gaba ɗaya, ɗauki manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga. Maimakon noma gaba ɗaya, ɗauki tumatir. Maimakon "tasiri", wadda kalma ce da ke ɓoye rashin tambaya, ɗauki abu guda da ya faru: tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a 2016 har kwando ya gagari talaka. Yanzu tambaya ta fito: bayan wannan asara, me ya sa wasu manoma suka koma albasa, alkama ko masara, wasu suka ci gaba da tumatir, kuma ina rawar bashi da dillalai a cikin wannan zaɓi? Wannan tambaya ce da mutum ɗaya zai iya amsawa cikin shekara 3.

Gwajin da nake ba ɗalibaina shi ne su faɗa wa wani a gida, wanda bai yi boko mai zurfi ba, abin da suke bincike a kai cikin jimla 2 da Hausa. In mahaifiyarka ta ce "to, na gane", ka kama hanya. In ka ga sai ka tsunduma Turanci kafin ka iya bayani, to kai ma ba ka gama ganewa ba, kalmomin ne ke rufa maka asiri.

Igiya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ɗauki farar takarda ka ja layuka daga sama zuwa ƙasa, ka raba ta gida 5. Gida na farko matsalar bincike, na biyu manufa, na uku tambaya, na huɗu bayanan da za su amsa tambayar da inda za a samo su, na biyar yadda za a tantance su. Kowace manufa ta samu layinta. In kana da manufa 4, to tambaya 4, kuma kowacce ka iya nuna ta da yatsa har zuwa gidan ƙarshe. Duk inda gida ya zauna wayam, nan za a kama ka. Na sha ganin ƙuduri mai manufa 6 amma takardar tambayoyin ba ta taɓo 2 daga ciki ba, ko kuma ta ƙunshi tambayoyi 15 da babu manufar da ke buƙatarsu. Ka sa wannan jadawali a cikin ƙudurin, ka kuma sa shi a majigi. Shafi ɗaya ne, amma yana kashe rabin tambayoyin da za a yi maka.

Manufa 3 ko 4 sun isa. Kowace manufa da ka ƙara alkawari ne da za a tuhume ka a kai ranar kare kundi.

Bitar ayyukan da suka gabata da ra'in bincike

Ba zan daɗe a nan ba, don kuskuren ɗaya ne ake ta maimaitawa: jerin gwano. Wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, shafi 30, ba a san inda ɗalibi ya tsaya ba. Ka haɗa masanan rukuni-rukuni bisa abin da suka yarda da inda suka saɓa, ka ƙare kowane rukuni da abin da ya rage ba a amsa ba. Kuma ka kiyayi jimlar nan ta "babu wanda ya taɓa bincike a kan wannan". Mai yiwuwa wanda ya yi yana zaune a gabanka, ko ɗalibinsa ne ya yi shekara 10 da suka wuce, kundin na kwance a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello ba a taɓa sa shi a intanet ba. Shafukan neman rubuce-rubucen masana a intanet, irin su Google Scholar da AJOL, ba su san duk abin da ke kan kantocin sassanmu ba. Ka je da ƙafarka ka duba, har da kundayen digiri na biyu. Ka kuma karanta abin da 'yan kwamitinka suka rubuta. Ba fadanci ba ne. Sanin inda mutum ya tsaya ne kafin ka yi gardama da shi.

Ra'i kuwa, wato tunanin masana da za ka ɗora bincikenka a kai, ɗaya da ka fahimta ya fi uku da ka kwafo. Za a tambaye ka me ya sa wannan ba wancan ba, ka tanadi amsa.

Hanyar bincike, inda ake zubar da jini

Nan ne kwamiti ke ɓata mafi yawan lokacinsa, nan ne kuma ɗalibai ke zuwa da haddar da ba su san fassararta ba. Misali mafi shahara shi ne lamba 384. Ɗalibi zai ce zai raba takardar tambayoyi 384 bisa jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, ko kusan 400 bisa lissafin Yamane na 1967. Madalla. Amma waɗannan lissafe-lissafe sun ginu ne a kan cewa ka san yawan jama'ar, kuma za ka zaɓo mutane ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye. To a Kura wa ke riƙe da jerin sunayen manoman tumatir? Ƙungiyar masu amfani da ruwa? Ofishin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are? Malaman gona? Ka je ka gani ko akwai, kuma na wace shekara ne? In za ka tsaya ne a bakin kasuwar Kwanar Gafan ka tare duk wanda ya yarda ya saurare ka, to ka faɗi haka, ka kare shi da hujjarsa, kada ka lulluɓe shi da 384.

Shi ya sa nake matsa wa kowa ya je filin kafin ranar zama, ko da na kwana 3 ne. Ka gaisa da dagaci ko mai unguwa, ka zauna da manoma 10 ko 15 ka gwada tambayoyinka. A nan za ka gano cewa manomi ba ya auna gonarsa da hekta, kuma in ka tambaye shi kuɗin da ya samu bara zai yi murmushi ya ce "Alhamdu lillahi", don ya ɗauka daga ofishin haraji kake, ko kuma tallafi ka kawo. Dole ka bi ta kwando nawa ya ɗiba, sau nawa, a kan nawa. Za ka gano fassarar da ka yi wa tambayoyin daga Turanci ba ta shiga kunne. Za ka gano in akwai matan aure a cikin waɗanda za ka tambaya, sai ka nemi mataimakiya mace da za ta shiga gidaje. Ɗalibin da ya ce wa kwamiti "na je Garun Malam a watan jiya, na gwada da mutum 12, na sauya tambaya ta 9 saboda kaza" ya riga ya sha gaban wanda ya zo da ambaton littattafai 20. Murya ma takan bambanta.

In aikinka na tarihi ne ko adabi, ƙa'idar ba ta canza ba. Kada ka rubuta "za a ziyarci Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa" alhali ba ka taɓa taka ƙofarsu ba. Je ka duba kundin jerin fayiloli, ka kawo lambobin kaɗan daga waɗanda ka gani. In rubuce-rubucen ajami ne a hannun iyalan malamai, ka tabbatar za su bari ka gani.

Sai tantance bayanai. "Za a yi amfani da manhajar lissafi ta SPSS" ba amsa ba ce, kamar a tambayi mai girki me za ta dafa ta ce tukunya. Wane lissafi, a kan wace tambaya, don me? In hira ce za ka yi, wa zai juye ta a rubuce, da wane harshe za a tantance ta, Hausar da aka yi ta ko fassara?

Ka kuma tanadi amsar "in abin bai yiwu ba fa?" In yankin da ka zaɓa hanya ta lalace saboda rashin tsaro, ina za ka koma? In hukumar da ke riƙe da alƙaluman ta hana ka? Kwamiti ya fi natsuwa da wanda ya hango ramin.

Izini da jadawalin lokaci

In bincikenka ya shafi mutane, musamman marasa lafiya, yara ko fursunoni, kana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da takardar neman yardar wanda za a tambaya cikin harshen da yake ji. A Amurka ba ka isa ka yi wa ko mutum ɗaya tambaya ba sai wannan izini ya fito. A nan gida ma akwai dokar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa tun 2007, kuma mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Izinin kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ka sa shi cikin lissafi.

Jadawalin lokaci kuwa yawanci ƙarya ce mai kyan gani, wata 3 wannan, wata 3 wancan. Yi naka da kalandar gaske. Mai binciken tumatir na rani yana da tsakanin sanyin hunturu zuwa shigowar bazara. In izini ya makara ya wuce wannan, sai baɗi. Duba inda azumi da sallah za su faɗo, da lokacin da za ka koma wurin aiki in hutun karatu aka ba ka. Ka bar sarari don abin da ba a shirya ba. Wanda ya yi rajista kafin 2020 ya ga kullen korona da yajin aikin ASUU na kusan wata 9, sannan na 2022 ya zo ya ci wata 8. Kuɗi ma ka lissafa: mota, masauki, mataimaka, bugawa. In babu mai ɗaukar nauyi, girman binciken ya yi daidai da aljihunka.

Zagaya malamai kafin ranar

Wannan shi ne matakin da na tsallake a nawa, kuma shi ya kayar da ni. Bai kamata wani ɗan kwamiti ya fara ganin aikinka a ranar zama ba. Da farko babban mai dubawa: kada ka yarda a sa maka rana sai ya karanta ya ce ya gamsu, domin in wuta ta kama shi ne zai iya yayyafa ruwa, kuma ba zai kare abin da bai karanta ba. Bayan ya amince, da izininsa, ka kai wa sauran kwafinsu aƙalla mako 2 kafin ranar, ka nemi minti 15 da kowanne. Ba sai ka yi dogon bayani ba. "Ranka ya daɗe, na kawo ne ko akwai inda kake ganin zai ba ni matsala." Sai ka yi shiru ka rubuta. Abin da zai faɗa maka a ofis cikin raha, shi ne zai faɗa a gaban jama'a da kakkausar murya in ba ka je ba.

A nan ne kuma za ka gano in biyu daga cikinsu ba sa ga maciji, ko ɗaya mutumin lissafi ne ɗaya mutumin hira. Kada ka zama ɗan aike tsakaninsu, kada ka kai maganar wannan wurin wancan. Kai wa mai dubawa, shi ya san yadda zai yi da abokan aikinsa.

Makon ƙarshe

Takarda ta fita tsaf: lambobin shafi, manazarta da suka yi daidai da abin da aka ambata a ciki. Zotero, manhajar tsara manazarta, kyauta ne, kuma zai raba ka da wannan wahala. Ka bi da aikin ta Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ko abin da jami'arka ke amfani da shi tun kafin su bi da shi. In ka yi amfani da manhajojin nan masu rubutu da kansu, ka binciki kowane ambato ɗaya bayan ɗaya, don suna ƙirƙiro littafin da ba a taɓa rubutawa ba, kuma ranar da farfesa ya ce ka kawo masa shi, babu inda za ka sa kanka.

Majigi kada ya wuce shafi 12 zuwa 15 in minti 15 ko 20 aka ba ka. Matsalar bincike ta fito a shafi na 2 ko na 3. Rabin lokacin na hanyar bincike ne. Tara abokai 3 ko 4, har da wanda ya riga ya wuce wannan mataki, ku yi gwaji da agogo, ka roƙe su kada su ji tausayinka. Rubuta tambayoyi 10 da kake addu'ar kada a yi maka, ka amsa su da babbar murya. Sa fayil ɗin a filashi, ka aika wa kanka ta imel, ka kuma buga shafukan a takarda, don wuta ba ta san ana kare ƙuduri ba. Batun lemo da ruwa da wasu sassa suka mayar al'ada, tambayi jami'in da ke kula da ɗaliban sashe abin da aka saba, ka yi daidai ƙarfinka. Ban taɓa ganin naman kaza ya gyara matsalar bincike ba.

Ranar

Zo da wuri ka gwada majigin. Roƙi aboki ɗaya ya zauna ya rubuta duk abin da aka faɗa da sunan wanda ya faɗa, don kai ba za ka tuna rabi ba. In kana son ɗaukar murya da waya, nemi izinin shugaban zama tukuna.

Kada ka karanta allo, sun iya karatu. In an yi tambaya, bari mai ita ya kai aya. Tarbiyyarmu takan sa ɗalibi ya riƙa cewa "to, ranka ya daɗe, za a gyara" ga duk abin da aka ce, har da shawarwari biyu masu karo da juna. Wannan ladabi ne mai tsada: ka amsa a ɗaki, ka biya da shekara guda. In wani ya ce ka ƙara Jigawa da Katsina, kana iya cewa, "Allah ya gafarta Malam, shawarar ta yi, sai dai na tsaya a ƙananan hukumomi 3 ne saboda ruwa ɗaya suke sha, kuma kakar rani ɗaya nake da ita. In kwamiti ya ga dama, sai in sa wannan cikin abin da wani zai ɗora a kai." Ka faɗi hujjarka sau ɗaya, a natse, ka dubi mai duba aikinka. In abu ne da ba ka sani ba, ka ce ba ka duba ta nan ba, ka nemi a nuna maka inda za ka karanta. Kame-kame ne ke harzuƙa malamai. In kuma su biyu suka kaure da gardama a junansu, ja bakinka ka yi shiru, ba da kai ake ba.

Kafin a tashi, in shugaban zama bai yi ba, nemi izini ka karanto gyare-gyaren da ka fahimta, ka tambayi wanne ne dole, wanne ne shawara, wa zai duba ya sa hannu, kuma zuwa yaushe. Sakamakon yakan zama amincewa kai tsaye, ko da ƙananan gyare-gyare, ko manya, ko a sake gabatarwa. Na biyu da na uku su ne abin da yawanci ke samu.

Kwana biyu bayan nan

Kada ka bari abin ya huce. Zauna da takardar abokinka ka fitar da jadawali mai gida 3: abin da aka ce, abin da ka yi ko za ka yi, da lambar shafin. Inda ba ka bi shawara ba, rubuta dalili cikin ladabi. Kai wa mai dubawa ya gani, sannan a raba wa sauran, ka karɓi sa hannu, ka bi takardar har ka ga taken da aka amince da shi ya shiga rajista daidai harafi da harafi. Ajiye kwafi a gida da kuma a imel. Shekara 3 nan gaba wani ɗan kwamiti zai iya yin ritaya ko ya tafi hutun shekara, wanda ya maye gurbinsa ya buɗe kundinka ya ce me ya sa ba ka haɗa da Jigawa ba. Ranar sai ka zaro wannan takarda ka miƙa masa da hannu biyu.